An ce kuturta ta ƙare, ga ta kuma a jikin 'yar shekara 11

Wani ƙanena a aiki, wanda aka naɗa majo, wato shugaban ma'aikata, na wani CSI (gidan likita na ƙaramin yanki) a karkarar Adar bara, ya aiko mini da tambaya. Na taƙaita ta: "Yaya, tun muna makaranta ake ce mana an kawar da kuturta a Nijar. Rajistan da na gada ya shekara huɗu ba a rubuta kowa ba. Makon jiya aka kawo mini yarinya 'yar shekara 11 da tabo uku a baya da cinya, na gwada da auduga ba ta ji. Likitan gunduma ya tabbatar, mun fara magani. Uwar tana tambaya ko a ware mata kwano da tabarma, mushen lakwal, malaminsu na makaranta, ya ce ta zauna gida. Ni abin da ya dame ni, a ina ta samo? Kuma me ya rage mini bayan ba ta ƙwaya?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Da wani ne, da ya ce ƙyasfi ne ko makero, ya rubuta man shafawa ya sallame ta, sai bayan shekara biyar ta dawo da yatsu a lanƙwashe. Na daɗe ina zagaya gidajen likita na jihar Tawa a kan moto ina duba aikin kuturta da na tarin fuka, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba yarinyar ba ce. Ita an gano ta, za ta warke da yardar Allah. Rajistan nan da ya shekara huɗu fayau shi ne abin tsoro.

Kalmar "an kawar" ita ta ruɗe mu duka. A 1991 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya sa wa ƙasashe ma'auni: a rage masu kuturta da ke kan magani su kasa mutum 1 cikin 10,000. Duniya a dunƙule ta kai wannan a shekarar 2000, Nijar ma ta kai a matakin ƙasa a farkon shekarun 2000. To yi lissafi da kanka. Gunduma mai mutum 300,000 tana iya samun mutum 29 suna shan magani, a takarda kuma a ce ta kawar da cutar. Sannan abin da ake ƙirgawa waɗanda aka rubuta ne. Wanda ke kwance a bukkarsa can bayan dutse ba ya cikin lissafi. Ƙari a kan haka, a ƙarshen shekarun 1990 an rage tsawon maganin masu ƙwayar cuta da yawa daga wata 24 zuwa 12, sunaye suka riƙa fita daga rajista da sauri, adadi ya faɗi ba tare da yaɗuwar ta ragu daidai da haka ba. Aiki ne babba aka yi, ban raina shi ba, miliyoyin mutane sun warke. Amma da maganar ta iso ƙasa sai aka ji ta da ma'anar "an gama". Tsofaffin ma'aikatan da suka san fatar mai kuturta tun daga nesa suka yi ritaya, sababbi suka fito makaranta ba su taɓa latsa jijiya ko ɗaya ba. A 2023 an samu sababbin masu cutar 182,815 a duniya, mafi yawansu a Indiya da Birazil da Indunusiya. Mu a nan ɗaruruwa ake rubutawa duk shekara, kuma da yawansu sai sun nakasa suke isowa hannunmu.

Yanzu batun inda ta samo. Ƙwayar kuturta ba ta da gaggawa ko kaɗan. Wasu ƙwayoyin cuta cikin minti ashirin ɗaya ta zama biyu, ita kuwa sai ta ɗauki kusan mako biyu. Daga shigarta jiki zuwa fitowar alama a kan yi shekara biyar, wani lokaci har ashirin. Saboda haka in dattijo ɗan shekara hamsin ya zo maka da ita, ba za ka iya cewa a garinku ya ɗauka ba, wataƙila tun zamanin da yake bida, wato ci-rani, a Abijan ne. Amma yarinya 'yar shekara 11 da ba ta taɓa wuce kasuwar mako ba, ai a nan kusa ta shaƙa, kuma ba da daɗewa ba. Shi ya sa a wannan aiki yaro ɗaya ya fi manya goma ba mu labari. Akwai wani babba a gidansu ko maƙwabta da ke fitar da ƙwayar ta hanci da baki, ba a gano shi ba, ko kuwa ya bar garin, ko ya rasu ba a taɓa sanin abin da ke damunsa ba.

Kada ka je neman mai dungulmin hannu. Nan ne jama'a ke kuskure, har da mu. Tsohon da ke bara a bakin kasuwa ba yatsu, mafi yawan lokaci ya sha maganinsa tun tuni, babu ƙwaya mai rai a jikinsa, abin da ta ɓata ne kawai ya rage. Shi ake gudu. Wanda ke yaɗa ta kuwa yana sahun gaba a masallaci da yatsunsa goma cif. Fuskarsa ta ɗan yi ƙyalli kamar ya shafa mai, fatar kunne ta yi kauri, gashin gira ya soma zubewa daga gefe, hanci kullum a toshe, wani lokaci da ɓawon jini. A irin wannan ma auduga tana iya yaudararka, domin fatar takan ci gaba da ji a farko. Shi ne ake tsaga fatar kunne kaɗan a ɗebi ruwanta a duba a madubin likita.

Na taɓa zuwa wani ƙauye saboda yaro ɗan shekara tara mai tabo biyu. Muka duba uwa, uba, kishiyar uwa, yara bakwai, ba mu ga komai ba. Mun ɗaure kaya a moto ke nan sai kakan yaron ya kira mu zaure mu sha shayi. Yana miƙo mini kofi rana ta haska gefen fuskarsa, na ga kunnen ya yi kauri da ƙananan ƙulli kamar an jera wake a ƙarƙashin fata, girar kuma saura rabi. Na ce, "Baba, tun yaushe kunnen ga ya koma haka?" Ya yi dariya ya ce, "Tsuhwa ta, likita. Ni hancina ɗai ka toshewa, shi ko sanyi na." A zauren nan yaron ke kwana tun da aka yaye shi. Ba wanda ya kawo mana sunan tsohon a cikin mutanen gida, don a ganinsu ƙofarsa daban, tukunyarsa daban. Tun ranar na daina tambayar "su wa ke gidan nan", sai dai "wa yaron ke kwana da shi, wa ya goye shi, ina yake wuni".

Ka gaya wa uwar kada ta ware komai. Kwano, tabarma, buta, gaisawa, duk ba ta nan ake ɗauka ba. Sai an daɗe ana zama kusa da wanda bai fara magani ba, wata da watanni ana shaƙar numfashinsa, kuma duk da haka kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu ke kashe ƙwayar da kansa. Mai tabo uku irin 'yarta dama ƙwayar kaɗan ce a jikinta, kuma da zarar mutum ya fara magani ya daina yaɗawa. Ta koma lakwal. Ka je ka sami mushen shi kaɗai ka yi masa bayani, da izinin iyayen, kada maganar ta zama ta filin wasa. Yarinya ce, gobe za a zo neman aurenta, kuma ka san yadda kalma ɗaya ke bin gida har jikoki.

Za ka ji dalilai iri-iri: ta ci kifi ta sha nono, tsaka ta faɗa a randa, wani ya yi rantsuwa a kan ƙarya, ko jinin gidan ne. Kada ka yi musu dariya, musamman na gadon, domin abin da idonsu ya gani ne. Sun ga kaka da ita, sun ga jika da ita. Likitocin ƙasar Nowe ma haka suka ɗauka har zuwa 1873 da ɗaya daga cikinsu, Hansen, ya ga ƙwayar a madubi. Ni nakan ce musu ɗaki ɗaya aka gada, ba jini ba.

Babban aikin da ke gabanka shi ne duba mutanen da ke kewaye da ita, kuma yadda za ka shiga gidan ya fi komai. Nemi yardar uban tukuna. Kada ka tara gari, kada ka ambaci sunan cutar a ƙofar gida. Ka ce duba fata kuka zo yi, ka riƙo maganin ƙazuwa da na makero, domin su za ka fi samu, kuma duk wanda ka yi wa maganin ƙaiƙayi zai turo maka ɗan'uwansa. Da rana ake dubawa, a haske, ba a cikin ɗaki da tocila ba. Jiki duka, har ɗuwawu da bayan cinya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan kuwa ba zai yiwu ga mata ba sai ka zo da mace, ungozomar CSI ko wata ma'aikaciya da ka koya wa gwajin auduga. In ka ga rajistan gunduma maza sun ninka mata sau uku ko huɗu, kafin ka ce cutar maza ce, tambayi wa ke duba matan. Bayan gida ka bi maƙwabta na kusa, da makarantar allon da take zuwa. Ka rubuta kowa da sunansa, ka koma duk shekara har shekara biyar, tunda wanda fatarsa ke lafiya yau yana iya fito da tabo baɗi waccan.

Lokaci ma abin lura ne a Adar. In ka je a watan Janairu za ka tarar da mata da yara da tsofaffi, mazan duk sun tafi bida tun bayan girbi. Wanda kake nema yana iya kasancewa a Legas ko Libiya. Sai ka sake komawa in sun dawo gab da damina, kafin noma ya ɗauke su daga gari tun asuba.

Akwai rigakafi ga waɗanda aka duba aka ga ba su da ita. Tun 2018 OMS ta ba da shawarar a ba su maganin rifamfisin sau ɗaya tak, daga ɗan shekara biyu zuwa sama, bayan an tabbatar ba su da kuturta ko tarin fuka. A babban gwajin da aka yi a Bangaladesh ya rage kamuwa da kashi 57 cikin ɗari a shekara biyun farko. Amma wannan aiki ne da ake tsarawa daga shirin ƙasa na yaƙi da kuturta ta hannun gunduma. Kada ka ɓalle ƙwaya daga fakitin wani majinyaci ko daga maganin tarin fuka ka ce kana taimako. Allurar BCG da kuke yi wa jarirai ita ma tana ba da wata kariya daga kuturta, ka ƙara wannan a cikin dalilan da za ka hana ta yankewa.

Koma kan yarinyar. Ka ce tabo uku, amma ba ka ce mini komai a kan jijiyoyinta ba. Tabo ɗaya zuwa biyar shi ne PB, wato mai ƙwayar cuta kaɗan, maganinsa wata shida. Fiye da biyar, ko an ga ƙwaya a madubi, ko jijiya ta taɓu, MB ne, wato mai ƙwayar cuta da yawa, wata goma sha biyu. Don haka ka latsa jijiyar bayan gwiwar hannu, da ta gefen gwiwar ƙafa ta waje, da ta bayan idon sawu ta ciki, kana kwatanta dama da hagu, kana kallon fuskarta ko za ta yamutsa. Ka sa ta rufe ido, ka taɓa tafin hannu da tafin ƙafa da bakin bik a hankali ta nuna maka wurin. Ta buɗe ƙaramin yatsa kana turawa, ta ɗaga babban yatsa, ta ɗaga ƙafa sama, ta runtse ido ka ga ko yana rufuwa ruf. Minti goma ne. Ka rubuta, ka maimaita duk zuwan da za ta yi karɓar magani.

Maganin PCT, wato haɗin magungunan kuturta, tun 1981 aka fito da shi, bayan tsohon magani dafson shi kaɗai ya fara gazawa, kuma kyauta ne a duniya duka tun 1995. Ko dala kada a karɓa. Ƙa'idar OMS ta 2018 ita ce magani uku ga kowa, rifamfisin da kulofazimin da dafson, tsawon lokaci ne kawai ya bambanta. Na 'yan shekara 10 zuwa 14 fakitinsu daban: rifamfisin 450 da kulofazimin 150 sau ɗaya a wata a gabanka, dafson 50 kullum, kulofazimin 50 ana tsallake kwana ɗaya. Ka faɗa wa uwar tun yanzu fitsari zai yi ja ranar shan na wata, ba jini ba ne. Fata za ta yi duhu ta bushe, za ta washe bayan an gama, a riƙa shafa man kaɗanya. In ba ka riga ka faɗa ba, ranar da maƙwabciya ta ce "me ya sami 'yarki ta yi baƙi haka", ranar za a jefa fakitin a masai. Abu ɗaya ne na gaggawa: zazzaɓi da ƙuraje a jiki duka da ido ya yi rawaya a makonnin farko. Dafson ne, a tsayar da shi nan take a kai ta asibitin gunduma, yana kisa.

Inda muke asarar hannuwa da ƙafafu kuwa shi ne abin da muke kira reyaksiyo. Jiki ne ke tashi da faɗa da ƙwayar, mai rai ko matacciya, faɗan kuma a cikin jijiya ake yin sa. Yana zuwa kafin magani, ko ana cikin sha, ko bayan an gama da shekara. Tabon da ke kwance sai ya kumbura ya yi ja, gwiwar hannu ta riƙa zogi, cokali ya fara suɓucewa, takalmi ya riƙa fita daga ƙafa ba a sani ba. Wani nau'in, na masu ƙwaya da yawa, ƙulli ne masu zafi a ƙarƙashin fata da zazzaɓi. Majinyaci zai ce maganin likita ne bai karɓe shi ba, ya koma wurin mai saƙe-saƙi ko a yi masa tsaga. Ma'aikacin da bai sani ba shi ma sai ya tsayar da PCT. Duka biyun kuskure ne. Ana ci gaba da PCT, a ƙara da firedinizolon, maganin kumburi, na tsawon watanni ana ragewa sannu a hankali, bayan an ba da maganin tsutsar ciki an kuma bincika tarin fuka da ciwon suga. Jijiyar da ta yi rauni ƙasa da wata shida ana iya ceto ta. Wadda ta wuce haka da wuya ta dawo. Akwai kuma wadda ke mutuwa shiru ba zogi ba kumburi, ita ce dalilin gwajin bik na kowane wata. Na taɓa samun wani matashi da aka ba fakiti goma sha biyu cif, an cika takarda tsaf, an rubuta ya warke, hannunsa na dama kuwa ya riga ya ƙandare, ba wanda ya taɓa cewa ya miƙo shi a gani.

Masu yanke magani a yankinmu ba taurin kai ke sa su ba, tafiya ce. Ɗan ci-rani ba zai fasa bida don ƙwaya ba, makiyayi ba zai bar dabbobinsa su hau arewa da damina shi yana zaune jiran ranar likita ba. Ƙa'ida ta ba da sarari: PB ya shanye fakiti shida cikin wata tara, MB goma sha biyu cikin wata goma sha takwas. Ta kuma yarda a ba mai tafiya na watanni da yawa ya riƙe, in an yi masa bayani sosai aka haɗa shi da wani nasa da zai sa ido. Ka karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wanda ba ya barin gari. Wanda bai zo ba kwana bakwai bayan ranarsa, ka tura rele, wato ɗan garin da ke taimaka wa gidan likita, kada ka jira rahoton wata uku.

In ka yi duk wannan, adadin CSI ɗinka zai hau, daga sifili zuwa huɗu ko shida, kuma za a samu wanda zai ɗaure fuska a taron gunduma ya ce kuturta ta dawo a yankinka. Ka nuna masa abin da ke bayan adadin. Nawa ne yara a cikin sababbin? Wannan ke nuna ana yaɗawa yanzu. Nawa ne suka zo da nakasar da ido ke gani, wadda muke rubutawa mataki na 2? Wannan ke nuna jinkirinmu. Nawa ne MB, nawa ne mata, nawa suka gama magani a kan lokaci? Yankin da ya samu mutum goma duk da yatsunsu ya fi wanda ya samu biyu duk da gyambo aiki. In ana neman da gaske, shekarun farko adadi hawa yake, sannan nakasa ta fara raguwa, yara su ɓace daga rajista, daga baya jimillar ta sauko.

Tsofaffin da suka warke da nakasa ma naka ne, ko da yake ba PCT suke buƙata ba, kada ka sake rubuta su a matsayin sababbi. Ba cutar ke cin yatsu ba, rashin jin zafi ne. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu tsirara, namiji ya yi wuni da hauya ƙota ta ci tafinsa, ko ya taka ƙaya a kan duwatsun nan namu ya yi kwana uku yana tafiya a kanta. Abin koya musu kaɗan ne: jiƙa hannu da ƙafa a ruwa kamar rabin awa kullum, goge kanta da dutse, shafa mai tun fatar na da danshi, duba tafin ƙafa kowane dare, naɗa tsumma a ƙotar hauya da marikin butar shayi, takalmi mai taushin ciki da tauri a ƙasa, ba mai ƙusa ba. Miki in ya fito, hutu ne maganinsa kafin bandeji. Wanda ya fi ƙarfinka, gyambon da ya kai ƙashi, idon da ba ya rufuwa, reyaksiyon da ke ta dawowa, ka tura ta hannun gunduma. Akwai asibitin Danja kusa da Maraɗi da ya daɗe a wannan aiki, akwai kuma cibiyar fata da kuturta ta ƙasa a Yamai.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu za a yi bikin ranar kutare ta duniya, wadda Raoul Follereau ya assasa a 1954, za a raba sabulu da barguna a yi jawabi. Ba laifi, ka je in an gayyace ka. Amma kafin nan, ranar kasuwarku mai zuwa, ka kira releyoyinka ka nuna musu gwajin auduga a bayan hannunka, ka ce duk tabon da ya fi fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, ya wuce wata biyu man shafawa bai yi masa komai ba, a turo maka. Sannan ka koma gidan yarinyar da ungozoma, ka tambayi uwar a ɗakin wa take kwana tun tana ƙarama. In ka duba jijiyoyin ka kira ni mu ga ko PB ɗin zai tsaya.